Tsoffin kwamfutocin gida: Yaushe sabon samfuri ke zama sabo?

A watan Oktoban 1984 kamfanin Sinclair na Birtaniya ya fito da wata kwamfuta da ya kira ZX Spectrum+. Ta fi wadda ta gada girma da nauyi, kuma madannanta na filastik ne mai tauri kamar na tafireta. Sai dai duk wanda ya kwance ta ya leƙa ciki, zai tarar kayan da ke cikin Spectrum ta 1982 ne aka sauya wa riga.

Shekara guda bayan haka kamfanin ya sake fitar da wata, Spectrum 128, wadda a ido kusan ba a iya bambanta ta da Spectrum+, alhali a ciki ta yi mata fintinkau.

Wannan ruɗani na cikin abubuwan da masu tara tsoffin kwamfutoci ke ta muhawara a kansu har yau, kuma batu ne da ya shafi aljihu, domin na'urori biyu masu kama da juna kan bambanta a farashi da kuma abin da za su iya yi. Tarihin shekarun 1980 ya nuna cewa suna da siffa ba su cika faɗin gaskiya ba. Abin da ke raba gardama shi ne ko manhajar da ake ɗorawa a kan na'urar ta san an yi wani canji, kuma ko masu rubuta manhajar sun damu da su yi amfani da shi.

Zamanin kaset da talabijin

Kwamfutar gida ta wancan lokaci ba ta cika zuwa da allon kallo ba. Akwati ne mai madannai da ake jonawa da talabijin ɗin falo, sannan a ɗauko rikoda a saka kaset domin a loda wasa ko darasi. Lodin wasa guda yakan ɗauki kamar minti biyar ana jin ƙara mai kama da kukan gyare, kuma idan kaset ɗin ya ɗan lalace sai a koma farko.

An fara sayar da ZX Spectrum a watan Afrilun 1982 iri biyu: mai ma'adanar aiki kilobayit 16 a kan fam 125, da mai kilobayit 48 a kan fam 175. Kilobayit ɗaya na ɗaukar haruffa 1,024, don haka babbar cikinsu ma ba ta kai haruffa dubu hamsin ba, wato kimanin shafi 25 na rubutun tafireta. Hoto guda da wayar salula ke ɗauka a yau ya ninka wannan sau gommai.

Su biyun akwatinsu ɗaya, madannansu ɗaya, amma wannan fam 50 da ke tsakaninsu shi ne bambanci mafi girma da aka taɓa samu a dangin Spectrum. Dalili kuwa shi ne hoton da ke bayyana a talabijin yana cinye kusan kilobayit bakwai na ma'adanar. Mai kilobayit 16 ke nan tara kawai ya rage masa, yayin da mai 48 ke da kusan 41, wato sama da ninki huɗu.

Ba a daɗe ba kamfanonin wasanni suka karkata ga mai 48, kuma wanda ya sayi ƙaramar ya wayi gari akasarin sababbin kaset ba sa aiki a na'urarsa. Dole ya mayar da ita kamfani a ƙara mata ma'adana, ko ya sayi kayan ya saka da kansa.

Wani abin da masu saye da yawa ba su sani ba a lokacin shi ne, domin rage kuɗi, Sinclair ya riƙa sayen ƙananan kayan lantarkin nan da masu gyaran rediyo ke kira aisi, waɗanda suka fito daga masana'anta da lahani rabinsu kawai ke aiki, ya yi amfani da rabin mai lafiya wajen cike ƙarin kilobayit 32 ɗin.

Sabuwar riga

Babban abin da aka fi kuka da shi a Spectrum ta farko shi ne madannanta guda 40, waɗanda aka yi da roba mai taushi irin ta kilinar goge rubutu. Kowane madanni na da ayyuka da dama, kuma dannawa ɗaya kan rubuta cikakkiyar kalmar umarni. Ga yaro mai wasa wannan ba matsala ba ce, amma ga mai son buga wasiƙa ko rahoto azaba ce. Ba ta kuma da makunni, sai dai a zare waya a sake jonawa.

Spectrum+ ta gyara waɗannan biyun. An ƙara yawan madannai, an sa maɓallin sake tayar da na'ura a gefe, aka sa mata farashin fam 179.95. Furosesarta, wato aisin da ke gudanar da lissafi da umarni, ita ce dai Z80 mai gudun megahaz 3.5. Ma'adana, launi da sauti duk ba a taɓa su ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta fito ne daga kamfanin kansa, domin ya riƙa sayar da sabon akwatin shi kaɗai a kan fam 20, mai tsohuwar na'ura ya ciro fanel ɗin cikinta ya dasa a ciki. Babu wata manhaja da za ta iya gane a cikin wace riga take aiki.

Wannan ba ya nufin an yaudari masu saye. Madannai su ne inda hannun mutum ke haɗuwa da na'ura, kuma wanda ke rubutu awa biyu a kullum ya ga amfanin kuɗinsa. Amma ta fuskar abin da kwamfutar ke iya yi, 1984 ba ta ƙara komai a kan 1982 ba.

Harajin Sifaniya

Canji na haƙiƙa ya biyo ta Sifaniya. A 1985 gwamnatin ƙasar ta ɗora harajin peseta 15,000 a kan duk kwamfutar da aka shigo da ita mai ma'adanar kilobayit 64 ko ƙasa da haka, kuma an bukaci na'urorin da ake sayarwa a ƙasar su iya rubuta haruffan Sifaniyanci irin su Ñ.

Yadda kamfanoni biyu suka tunkari kasuwar a wannan shekara ya isa misali. An ɗauki Amstrad CPC 464 mai kilobayit 64 aka liƙa mata ƙarin aisi mai kilobayit takwas, aka sauya mata suna zuwa CPC 472 domin kasuwar Sifaniya. Wannan ƙarin aisi ba a jona shi da komai ba, ko wuta ba ta shiga cikinsa. Aikinsa kawai shi ne ya sa jimillar ta zama 72 a takardar kwastan.

Shi kuwa Sinclair, tare da abokin hulɗarsa na Sifaniya, kamfanin Investrónica, sun ƙera Spectrum 128, aka ƙaddamar da ita a can a watan Satumban 1985. Ba ta isa shagunan Birtaniya ba sai farkon 1986, saboda akwai tarin Spectrum+ da ba a sayar ba a ɗakunan ajiya.

A waje, abin da ke bambanta ta shi ne wani ƙarfen sanyaya na'ura da ya fito a gefen dama. A ciki kuwa an ninka ma'adana zuwa kilobayit 128, an ƙara aisin sauti mai suna AY-3-8912 wanda ke fitar da muryoyi uku a lokaci guda, an kuma sa kafar jona kayan kiɗa da ta allon kallo na musamman.

Batun sautin ya fi yadda ake zato muhimmanci. A tsohuwar na'ura furosesa ce da kanta ke kaɗa ɗan ƙaramin lasifikar, don haka idan ana kiɗa sosai sai wasa ya tsaya, idan ana wasa sai kiɗa ya koma ƙyas-ƙyas. Sabon aisin ya ɗauke mata wannan nauyi.

Sai dai ƙarin ma'adanar na da sharaɗi. Furosesar Z80 ba ta iya ganin fiye da gurabe 65,536 a lokaci guda, wato kilobayit 64. Lamarin kamar ɗan tireda ne mai tebur ɗaya: ko ya gina sito goma a bayan gida, abin da zai iya shimfiɗawa gaban mai saye bai wuce faɗin teburin ba, sai dai ya kwashe wani kaya ya ɗauko wani. Haka aka raba ma'adanar gida takwas, kowane kilobayit 16, ana musanya su ɗaya bayan ɗaya.

Manhajar da aka rubuta kafin 1985 ba ta san da wannan sito ba, don haka ba ta amfana da shi. Sai wadda aka rubuta musamman domin sabuwar na'urar. Kamfanonin wasanni da dama sun bi hanyar tsakiya: kaset ɗaya, wasa ɗaya, amma idan ya tarar da 128 sai ya ƙara kiɗa, ya kuma loda dukkan matakan wasan a tashi ɗaya maimakon a riƙa komawa rikoda.

Abin da ba a taɓa ba shi ne hoto. Spectrum na raba allo zuwa ƙananan murabba'ai, kowane ba ya ɗaukar fiye da launi biyu, shi ya sa idan siffofi biyu suka gitta juna launinsu ke cakuɗewa. Wannan lahani ya bi dangin har zuwa ƙarshensa a 1992, domin gyara shi na nufin watsar da dubban wasannin da mutane suka riga suka saya.

Kamfanin Amstrad na Alan Sugar ya sayi sunan Sinclair da harkar kwamfutocinsa a kan fam miliyan 5 a watan Afrilun 1986. Ya fito da +2 mai rikoda a jikinta, sannan +3 mai faifai a 1987, wadda sauye-sauyen cikinta suka sa wasu tsoffin wasanni da kayan jonawa suka daina aiki.

Gyaran da ya ɓata murya

A Amurka labarin Commodore 64 ya bi wata hanyar daban. An fara sayar da ita a watan Agustan 1982 a kan dala 595, kuma ƙiyasin adadin da aka sayar yana tsakanin miliyan 12 da rabi zuwa miliyan 17, abin da ya sa ake ɗaukar ta a matsayin samfurin kwamfuta guda da aka fi saya a tarihi.

Ƙarfinta na cikin aisi biyu: VIC-II mai zana hoto da siffofi takwas masu motsi da kansu, da kuma SID mai sauti, wanda injiniya Bob Yannes ya tsara.

A 1986 aka fito da 64C, siririya mai launin toka-toka mai haske. Kamar Spectrum+, an ɗauke ta a matsayin sauyin riga kawai, kuma na farkon da aka ƙera hakan suke, tsohon fanel ne a cikinsu. Amma daga baya kamfanin ya sake tsara fanel ɗin domin rage kuɗin ƙira, ya kuma maye gurbin aisin sauti mai lamba 6581 da wani mai lamba 8580, ba tare da sauya sunan na'urar ba.

A takarda sabon ya fi tsafta. Tsohon na da wani lahani: duk lokacin da aka sauya ƙarfin sauti sai ya yi ɗan ƙas. Masu rubuta manhaja sun gano cewa idan aka sauya ƙarfin sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, waɗannan ƙas-ƙas ɗin kan haɗu su zama muryar mutum ko bugun ganga. Ta haka wasanni irin su Impossible Mission na 1984 suka yi magana, abin da ya ba mutane mamaki a lokacin.

Da injiniyoyi suka gyara lahanin a 8580, sai muryoyin suka dusashe har da ƙyar ake jin su. Kiɗan da mawaƙan kwamfuta irin su Rob Hubbard da Martin Galway suka tsara a kan tsohon aisin ma yakan ɗan sauya amo a kan sabon, saboda matatar sautinsu ba ɗaya ba ce.

Shi ya sa mai neman Commodore 64 a yau ba ya tsayawa a kan akwati, sai ya buɗe ya karanta lambar da ke kan aisin. Akwai kuma haɗari ga mai gyara: 6581 na aiki da bolt 12, shi kuwa 8580 da bolt 9, kuma dasa sabon a gurbin tsohon na iya ƙona shi.

Tarko mai baki biyu

Commodore ya yi yunƙuri biyu na wuce 64, kuma kowanne ya faɗa a gefe guda na rami ɗaya.

Na farko shi ne Plus/4 ta 1984, mai launuka 121 da manhajojin ofis a cikinta. Ba ta da aisin SID, ba ta da siffofi masu motsi, kuma ba ta karɓar wasannin 64. Mai saye da ke da tarin kaset a gida bai ga dalilin komawa farko ba, kuma na'urar ta yi kwantai a Amurka.

Na biyu shi ne Commodore 128, wadda aka nuna a watan Janairun 1985. Tawagar injiniya Bil Herd ta ɗauki darasin Plus/4, ta ƙera na'ura uku a akwati ɗaya. Akwai sabuwar 128 mai furosesa da ke iya ninka gudu da allo mai haruffa 80 a layi, akwai furosesa ta biyu, Z80, domin manhajojin ofis na tsarin CP/M, sannan akwai cikakkiyar Commodore 64 a ciki, wadda ake shiga ta hanyar riƙe madanni guda yayin kunnawa.

Ta fuskar ƙira wannan ci gaba ne na gaske. Amma kamfanin wasa da ke lissafin riba ya ga cewa idan ya rubuta domin 64, zai sayar wa masu 64 da masu 128 baki ɗaya, idan kuwa ya rubuta domin 128, ya rufe ƙofa ga miliyoyin masu saye. Kusan dukkansu suka zaɓi na farko.

Ƙari a kan haka, allon haruffa 80 na bukatar allon kallo na musamman mai tsada, ninkin gudun ba ya aiki tare da hoton da ake gani a talabijin, kuma tsarin CP/M ya riga ya fara ja da baya a gaban kwamfutocin IBM. Sakamakon haka na'urori da yawa suka ƙare rayuwarsu suna kwaikwayon wadda aka ƙera su domin su gada. An daina ƙera 128 a 1989, ita kuwa 64 ta ci gaba har kamfanin ya durƙushe a 1994.

Kamfanin Apple ya tsallake wannan rami da Apple IIe ta watan Janairun 1983. Ta karɓi manhajojin Apple II da II Plus, amma ta zo da ƙananan haruffa, waɗanda magabatanta ba sa nunawa, da kilobayit 64, da hanya mai sauƙi ta samun haruffa 80 a layi. A 1984 aka fito da AppleWorks, manhajar rubutu da lissafi da adana bayanai, wadda aka rubuta domin sababbin na'urorin, kuma makarantu da ƙananan ofisoshi suka rungume ta. Mai II Plus ya samu dalilin sauyawa da zai iya nunawa da yatsa. An ci gaba da sayar da IIe har 1993.

Haruffan wa?

Batun ƙananan haruffa da Ñ na nuna wani ɓangare da jadawalin kilobayit ba ya nunawa. A ƙasashen Larabawa, kwamfutar da ta shiga gidaje a tsakiyar shekarun 1980 ita ce Sakhr, ta kamfanin Al-Alamiah na Kuwait wanda Mohammed Al-Sharekh ya kafa. Na'urori ne na tsarin MSX da kamfanonin Japan irin su Yamaha da Sanyo suka ƙera, kuma ƙarfinsu bai wuce na takwarorinsu ba. Abin da aka ƙara shi ne haruffan Larabci a madannai da cikin ma'adanar dindindin, da rubutu daga dama zuwa hagu, sannan aka biyo da manhajojin koyarwa har da ta Alƙur'ani. Ga iyali a Riyad ko Alƙahira wannan ya fi ninkin ma'adana amfani.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, kuma ba su samu gurbi a tsarin haruffan da ya game duniya ba sai da tsarin Unicode ya zo a farkon shekarun 1990. Abin da mai Spectrum zai iya yi shi ne ya zana su da kansa, domin na'urar ta bar gurabe 21 na siffofin da mutum zai ƙirƙira. A sabon tsarin 128 guraben sun koma 19, saboda an karɓe biyu domin sababbin kalmomin umarni.

Kasuwar yau

Waɗannan na'urori sun haura shekara arba'in, kuma mai sayensu na duba abubuwan da babu su a tallan wancan lokaci. A Spectrum ana duba lambar zubin da aka buga a kan fanel, domin zubi na uku da ya fito a 1983 ya ɗan sauya yadda ake karanta madannai, har wasu wasannin farko suka rikice, duk da cewa sunan na'urar bai canza ba. Siririyar ledar da ke ƙarƙashin madannan ma takan bushe ta tsage, amma ana ƙera sababbi.

A Commodore 64 abin tsoro shi ne tsohon akwatin wutarta. Idan ya tsufa yakan tura wutar da ta wuce bolt biyar, ya ƙona ma'adana da sauran aisi, kuma da yake da yawansu an cike su da wani danƙo mai tauri, ba sa gyaruwa. Masu tara kayan kan shawarci sabon shiga da kada ya jona tsohon ko sau ɗaya sai ya auna shi.

Sir Clive Sinclair ya rasu a watan Satumban 2021 yana da shekara 81. Kamfanin Retro Games na Birtaniya ya sake ƙera Commodore 64 ƙarama a 2018 da mai cikakken girma a 2019, dukkansu a siffar akwatin 1982 mai kauri. A watan Nuwamban 2024 kuma ya fito da The Spectrum, wadda ake jonawa da talabijin na zamani, tana iya gudanar da wasannin 48 da na 128, kuma madannanta na roba ne mai taushi guda 40.